Yadda Za A Rabu Da Kyankyaso A Gida

Jama'a, yau ba gona za mu ba, cikin gida za mu tsaya. Abin da manomi ya sha rana ya noma, cikin tukunya da akushi ya ke ƙarewa, a nan kuwa akwai ɓarawon da ke jiransa, watau kyankyaso. Mutane da yawa sun ɗauke shi abin ƙyama kurum, ba su san ɓarnarsa ta wuce nan ba. Da dare ya kan fito daga masai ko kwata da ƙazanta a ƙafafunsa, ya bi ta kan tuwon da aka bari a buɗe, ya yi kashi a kai. Ta haka ya ke iya ɗauko ƙwayoyin cutar zawo da atuni. Kashinsa da saɓarsa kuma su kan tayar wa masu ciwon fuka, musamman yara. Mai kanti ya san warin da ya ke bar wa gari da sukari, akawu kuma ya san yadda ya ke cinye gam ɗin bayan littafi har takardu su warwatse.

Iri biyu suka fi damunmu. Akwai babban, ja, mai fiffike, tsawonsa kamar inci ɗaya da rabi. Turawa na ce masa kyankyason Amurka, alhali asalinsa Afirka ne. Gidansa masai da kwatami da duk inda ke da laima da duhu. Sa'an nan akwai ƙaramin, wanda ake ce wa na Jamus, tsawonsa kamar rabin inci, mai zane biyu baƙaƙe a bayan kansa. Shi ɗan ɗakin girki ne da kanti, cikin kwali da akwati ya ke shigowa gida.

Me ya sa a kan yi feshi yau, bayan 'yan makonni a ga sun komo? Dalili yana wurin ƙwai. Macen ba ɗai-ɗai ta ke saka ƙwanta ba, cikin wani kwanso mai tauri ta ke dunƙule su, mai kama da ƙwayar wake. Kwanson babban yana ɗauke da ƙwai kamar 16, ta kan liƙa shi cikin tsaga, ya ƙyanƙyashe bayan mako 6 zuwa 8. Na ƙaramar yana da ƙwai 30 zuwa 40, tana yawo da shi a gindinta kamar mako 4, 'ya'yan kuwa cikin wata biyu ko uku sun isa su yi nasu ƙwan. Feshi ba ya ratsa wannan kwanso. Ka kashe iyaye, 'ya'ya suna nan tafe. Bayan haka ƙaramin nan, a wurare da yawa, ya riga ya saba da magungunan feshi, ba su kashe shi kamar dā.

To, ina dabara? Abu uku ke riƙe kyankyaso a gida: ruwa, da abinci, da maɓoya. Wanda ya hana shi waɗannan ya ci rabin yaƙi.

Na fari ruwa, gama shi ne ransa. Yana iya yin kamar wata guda bai ci kome ba, amma in ba ruwa ba ya wuce kamar mako guda. Saboda haka a rufe randa da tulu, a gyara famfon da ke ɗiga, a share kwata kada ruwan wanke-wanke ya kwanta, a kife kwanon ruwan kaji da magariba.

Na biyu abinci. Kada kwanuka su kwana ba a wanke ba. A share gindin murhu da wurin daka kowane dare. Gari da tsaba da ƙuli-ƙuli a sa su cikin mazubi mai murfi sosai, gama faifai bai isa ya tsare shi ba. Mai kanti ya ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango kaɗan, yadda tsintsiya za ta shiga.

Na uku maɓoya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma kyankyaso. A liƙe kowace tsaga da yaɓe ko siminti. A yi wa bakin masai murfi wanda ya zauna daidai. Tsofaffin kwalaye da tsummoki a fid da su, a ƙone. Akwati da kabad a fito da su rana, a kakkaɓe, kowane kwanson da aka gani a murƙushe shi. In kuwa kun fara ganin kyankyaso yana yawo da rana tsaka, ku sani maɓoyar ta cika ne.

Sa'an nan a zo ga kisa. Tarko mai sauƙi shi ne kwalba mai faɗin baki. A shafa basilin a bakinta ta ciki, a jefa ɗan burodi da aka jiƙa, a naɗe bayanta da tsumma don su sami abin hawa. Su kan faɗa, santsi ya hana su fita. Da safe a zuba musu ruwan zafi. Tarkon nan zai kuma nuna maka ɗakin da suka fi yawa.

Maganin da ya fi feshi aiki shi ne wanda su ke ci. A nemi hodar borik asid a kantin magani. A haɗa cokali ɗaya da cokali ɗaya na garin alkama da ɗan sukari, a kwaɓa da ruwa kaɗan, a ɗiba cikin murafun kwalba, a ajiye bayan kabad da ƙarƙashin akwati. Ba nan take ya ke kisa ba, sai bayan 'yan kwanaki. A riƙa sabunta shi har wata biyu ko uku, domin 'ya'yan da ke cikin kwanso su fito su tarad da shi. Lalle a sa shi inda hannun yaro da bakin kaza ba su kaiwa, kuma kada a yi feshi kusa da shi, don kada wari ya kore su.

Saura gargaɗi, manoma ya fi shafa. Maganin gona ba na ɗaki ba ne. DDT da Gammalin da iyayenmu suka sani an daina su: yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita DDT ga yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta irin su sauro, a 2009 kuma aka hana gubar da ke cikin Gammalin a aikin gona. Fiya-fiya da Sniper guba ɗaya ce a cikinsu, mai shiga jiki ta numfashi da fata, a 2019 ma hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinta a kasuwa barkatai. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa buhun wake kuwa, iskar da ta ke fitarwa tana kashe mutum yana barci. Kada ta kwana a ɗakin da mutum ke kwana, ko mai maƙwabtaka da shi.

Abu na ƙarshe, kyankyaso bai san katanga ba. Masan maƙwabcinka in ba murfi, kai ma ba ka tsira ba. Ku yi shawara da maƙwabta, ku sa rana guda kafin damina ta kankama, kowa ya gyara nasa.