ƘUDUJI A GONAR UBANGIJI

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:10-12; Irmiya 28

Kowane manomi a ƙasarmu ya san ƙuduji, wanda waɗansu su ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, ya kan yi shekara goma ko fiye yana kwance cikin ƙasa. Sa'ad da saiwar gero ko ta dawa ta zo kusa da shi, sai ya tsira, ya manne mata, ya riƙa shan ruwa da abincin hatsin daga ƙarƙashin ƙasa. Mai gona ya kan ga hatsinsa ya tsumbure, ya ce ƙarancin ruwa ne. Kafin ƙuduji ya fito fili da furensa mai kyaun gani, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Ya ku 'yan'uwa, haka koyarwar ƙarya ta ke. Ta kan shigo da sunan Yesu a baki, da waƙa mai daɗi, da alkawarin warkarwa da arziki. Manzo Bulus ya gargaɗi dattawan ikkilisiyar Afisa da hawaye, ya ce har daga cikinsu waɗansu za su tashi su karkata gaskiya, domin su janye masu bi zuwa ga kansu (Ayyukan Manzanni 20:30-31). To, yaya za mu gane irin wannan malami? Ga tambayoyi uku da za mu auna shi da su.

1. Me ya ke faɗi game da Yesu?

Bishara ita ce, Yesu Almasihu Ɗan Allah ya zama mutum, ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku. Ta wurin bangaskiya gare shi mu ke samun ceto, kyauta. In wani ya ce sai ka ƙara da ruwan da shi ya yi wa addu'a, ko wani mai, ko ƙyalle da za ka ɗaura a jiki, ya mai da kai wurin laya ke nan, ko da ya sāke mata suna. Bulus ya faɗa wa Galatiyawa, ko mala'ika ne daga sama ya kawo wata bishara dabam, kada su karɓa (Galatiyawa 1:8).

2. Me ya ke nema a hannunka?

A Samariya, Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki. Bitrus ya tsauta masa ƙwarai, gama baiwar Allah ba abin ciniki ba ce (Ayyukan Manzanni 8:18-23). Annabi Elisha kuma ya ƙi karɓar kome daga hannun Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Baiko da yardar zuciya abu ne mai kyau, ma'aikaci kuwa ya cancanci ladansa. Amma wanda ya sa wa addu'a farashi, ya ce ka sayar da tunkiyarka ko ka buɗe rumbu ka kawo masa, Allah zai mayar maka riɓi ɗari, ka dube shi da kyau. In bazara ta yi, 'ya'yanka na kuka da yunwa, shi ya riga ya wuce wani gari.

3. Maganarsa tana cika?

A zamanin Irmiya, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya cikin Haikali ya ce kafin shekara biyu Allah zai karya ikon sarkin Babila. Mutane sun ji daɗin wannan magana, gama ita su ke so su ji. Irmiya kuwa ya ce zaman bautar zai kai shekara 70. Hananiya ya yi annabcinsa a wata na biyar, ya mutu a wata na bakwai na wannan shekara. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kada mu ce wannan labarin dā ne. A ƙasar Uganda, a wani gari mai suna Kanungu, shugabannin wata ƙungiya sun ce duniya za ta ƙare a ƙarshen shekara ta 1999. Mutane suka sayar da gonaki da dabbobi, suka kai musu kuɗin. Duniya ba ta ƙare ba. Ran 17 ga watan Maris 2000 aka rufe ɗaruruwan mutane cikin ɗakin sujada, wuta ta cinye su, har da yara. Da aka haɗa da gawawwakin da aka tono a gidajen ƙungiyar, waɗanda suka mutu sun fi 700. Alhali Ubangiji Yesu ya riga ya faɗa, ba mutumin da ya san ranar ko sa'ar (Matiyu 24:36).

Takin Gona

Manoma sun sani, ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki. Haka kuma ƙarya ta fi kama gidan da ba a karanta Maganar Allah. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mutanen Biriya sun saurari Bulus da marmari, duk da haka kowace rana suna bincika Littattafai su ga ko abin da ya faɗa haka ya ke. Ba a ce sun raina manzo ba, yabonsu aka yi. Malamin gaskiya ya kan yi murna in ka tambaye shi, "A wace sura aka rubuta?" Wanda ya husata da wannan tambaya ya nuna halinsa.

Tun shekara ta 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Maigida, ka tara iyalinka bayan tuwon dare, a karanta sura ɗaya. In ba ka iya karatu ba, ɗanka ko 'yarka ɗan makaranta ya karanta, kai ka saurara. Uwargida, ki koya wa yara aya ɗaya kowane mako. In an ba ku aya guda a wa'azi, ku karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, gama har Shaiɗan ya ɗauko aya daga Zabura sa'ad da ya gwada Yesu a jeji.

Tuge Shi Tun da Wuri

Ana tuge ƙuduji kafin ya zubar da iri, a hankali, domin kada a ɓata hatsi. In baƙuwar koyarwa ta shigo garinku, ku kai maganar wurin fasto da dattawa tun ba ta bazu ba. In an ce wa mara lafiya ya bar maganin likita domin ya nuna bangaskiya, ku yi masa addu'a, ku kai shi asibiti. In kuwa ɗan'uwa ya riga ya ruɗu, kada ku yi masa dariya ko ku guje shi. Ku je gidansa, ku buɗe Littafi tare, ku komo da shi da tawali'u (Galatiyawa 6:1).

Tambayoyi domin iyali

1. Me ya sa aka yabi mutanen Biriya?
2. Me ya sa jama'a suka fi son maganar Hananiya?
3. Wane lokaci ne gidanmu zai keɓe domin karatu kowace rana?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu kunnen da zai san muryarka, ka kafa mu da 'ya'yanmu cikin Maganarka. Cikin sunan Yesu, Amin.