DARASI: KOWANE HUKUNCI DA ƘOFAR DA AKE BI A SAKE DUBA SHI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, ku sani alƙali ɗan Adam ne, yana dacewa yana kuskure. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya hori Abu Musa al-Ash'ari a cikin wasiƙarsa da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana gare shi. Saboda haka neman a sake duba hukunci ba rashin tawakkali ba ne. Abin da ke cutar da mutanenmu shi ne rashin sanin ƙofar da za su bi a kotunan ƙasarmu Nijar.

Ga mutum ya tafi ci-rani, aka yi shari'ar gonarsa ba ya nan, sammaci kuma bai shiga hannunsa ba. Wannan yana da ƙofar da ake kira opozisiyo: ya koma gun alƙalin da ya yanke hukuncin, a saurare shi, a sake shari'ar daga farko. Amma wanda sammaci ya shiga hannunsa ya ƙi zuwa, wannan ƙofa a rufe take gare shi.

Wanda kuwa aka yi shari'a a gabansa bai gamsu ba, nasa shi ne ɗaukaka ƙara, wato apel, zuwa kotun da ke sama da ta farko. Can ana sake buɗe magana duka, a duba hujjojin kowa.

Inda aka fi ruɗewa shi ne kasasiyo, a kotun ƙoli da ke Yamai. Sau da yawa mutum kan sayar da bisashensa, ya tara shaidu, yana zaton za a sake tambayar wane ne ya fara sare dajin. Alhali kotun ƙoli ba ta sake auna shaida. Abin da take dubawa ɗaya ne: shin alƙali ya bi doka ko ya saɓa mata? In ya saɓa, ta rushe hukuncin, galibi ta mayar da ƙarar ƙasa a sake ta. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin Imam al-Ƙarafi, daga manyan malaman Malikiyya, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bayyana cewa ana warware hukuncin alƙali ne idan ya saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙa'idojin shari'a, ko ƙiyasi bayyananne. Ƙin jinin alƙali ba ya cikinsu.

Sai maganar wa'adi. Kowace ƙofa tana da kwanakinta, a shari'ar laifi ma kwana 10 ne kacal na apel, kuma kwanakin ba su tsayawa don mutum yana yawon kai kuka gun manya. Ranar da aka yanke hukunci, a tambayi magatakardan kotu abu biyu: wace ƙofa ce a buɗe, kuma kwana nawa suka rage. A rubuta ƙarar a wurinsa, a karɓi takardar shaida, a adana ta.

Wallahu a'alamu.