Mai Juna Biyu Da Tuƙin Kwale-kwale: Zaɓen Filafili Da Kiyaye Baya

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi 'yan uwanmu mazauna bakin ruwa, irin mutanen Yawuri da Ngaski da sauran garuruwan gefen tafkin Kainji, da na fadamar Haɗeja zuwa Nguru, da na tafkin Chadi. A waɗannan wurare kwale-kwale shi ne jakin gida. Da shi mace take zuwa gona da kasuwa, wata ma sai ta tsallaka ruwa kafin ta zo awo. Saboda haka idan ta zo tana kukan ciwon baya ko na kafaɗa, ce mata "je ki huta" kaɗai ba zai wadatar ba, domin gobe ma sai ta shiga ruwa. Gara mu duba abin da take tuƙin da shi, da yadda take tuƙin.

Ki sani 'yar uwa, tuƙi a kan ruwa mai kwanciya bai haramta ga mai lafiyayyen ciki ba. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta ce mai juna biyu da ba ta da wata matsala ta riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Sai dai jikin da kike tuƙi da shi yanzu ba irin na da ba ne. Akwai wani sinadari da ake kira rilaksin, wanda jiki yake fitarwa lokacin goyon ciki, yana sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi. Ga nauyin ciki yana jan ki gaba, ƙugu yana ƙara lanƙwasa. Wasu kuma kumburi yakan matse musu jijiyar wuyan hannu, su riƙa jin yatsu suna mutuwa, musamman da dare. Aikin da a da kike yi kina waƙa, yanzu zai iya kwantar da ke.

Auna filafili

Yawancin matan da muke tambaya, da filafilin maigida suke tuƙi. Nan matsalar take farawa. An sassaƙa shi daidai tsawon namiji da ƙarfin damtsensa. Idan ya yi miki tsawo, hannunki na sama zai riƙa wuce kanki a kowane ja, kafaɗa da wuya su ɗauki wahalar. Idan kuma kika ɗauki na yara, gajere, dole ki riƙa sunkuyawa gefe kafin ki kai ruwa, ƙugu ya sha, jirgin kuma ya riƙa karkata.

Ga yadda za a auna a gida. Ki zauna a kan benci, ki miƙe bayanki sosai. A juya filafilin, a ɗora kan mariƙinsa a kan bencin kusa da cinyarki, faffaɗan yana duban sama. Wuyansa, wato inda sanda ta ƙare faffaɗan ya fara, ya kamata ya tsaya tsakanin hancinki da goshinki. Idan ya wuce kanki ya yi tsawo. Idan bai kai haɓarki ba ya yi gajarta. Tsawon sandar shi ne abin lura, domin faffaɗan cikin ruwa zai shige. Amma wannan awon gida ne kawai, jiragen ba ɗaya suke ba. Mai zama a ƙasan jirgi tana bukatar wanda ya ɗan fi gajarta, mai zama a kan katako mai tudu kuma wanda ya ɗan fi tsawo. Gwaji na gaskiya a kan ruwa yake: idan faffaɗan ya nitse gaba ɗaya, hannunki na sama ya kasance tsakanin haɓa da ido.

Sai tazarar hannu. Ki ɗaga filafilin bisa kanki, hannu ɗaya a kan mariƙi, ɗaya a sanda, ki gyara har gwiwoyin hannunki biyu su yi kusurwa kamar ta ƙofa. Inda hannun ƙasa ya tsaya a sa alama, ko a naɗa tsumma.

Kada a ruɗe ki da babban faffaɗa. Yana kama ruwa da yawa, gaskiya ne, amma gaɓoɓinki ne suke biyan kuɗin. Ki zaɓi siriri, marar nauyi, mai sanda sumul wadda yatsunki za su zagaye. Maigida, kuɗin da za ka ba masassaƙi ya yi wa uwargida nata bai kai na magani da na mota zuwa asibiti ba.

Wasu masu karatu a birni sun san wani ɗan jirgi da ake kira kayak, wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne na ƙasashen ƙanƙara, ake kuma hayarsa a wuraren shaƙatawa. Filafilinsa baki biyu gare shi, na manya yawanci daga santimita 210 zuwa 240. Gajeriyar mace a siririn jirgi ta ɗauki na wajen 210 zuwa 220, faɗin jirgi ko tsawon mutum shi ke sa a ƙara. Awon tazarar hannu ɗaya ne da na kwale-kwale. Amma a ganina wadda ba ta taɓa shiga ba, ta bari sai ta sauka lafiya ta koya.

Yadda za ki tuƙa

Ki zauna, kada ki tsaya. Tuƙi da gora a tsaye ki bar wa wasu tun da ciki ya fara fitowa, domin jikinki bai da daidaito irin na da. Ki tokare ƙafafunki da wani abu, ki sa ƙunshin zane ko matashi a bayan ƙugu. Wajen ja, ki bar kafaɗu da ƙirji su juya tare a hankali, kada damtse kaɗai ya yi aikin, kuma kada ki murɗa ciki da ƙarfi. Ki tsoma faffaɗan daidai inda hannunki ya kai ba tare da sunkuyo ba, ki ja, ki fitar da shi da ya zo daidai ƙugunki. Abin da ya wuce ƙugu ɗaga ruwa ne kawai, ba ya ƙara gudu. Gajeren ja da yawa ya fi dogon ja mai nishi. Ki sassauta riƙo, ki riƙa sauya ɓangare, kuma kada ki riƙe numfashi.

Ma'aunin ƙarfi mai sauƙi ne: idan kina iya hira da abokiyar tafiya kina tuƙi, daidai ne. Idan magana ta gagara, ki ajiye filafili. Ki fita da sanyin safiya, ki riƙe tsaftataccen ruwan sha, kada ki ɗebi na kogi.

Wadda ba za ta tuƙa ba

Idan a wajen awo an ce kina da hawan jini na ciki, ko ƙarancin jini mai tsanani, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko an ɗaure miki bakin mahaifa, to ke fasinja ce har ki haihu. Mai tagwaye da wadda ta taɓa haihuwar bakwaini su tambayi likita tukuna. Kowace ce kuma, idan ta ga jini, ko faya ta fashe, ko mara tana murɗawa a kai a kai, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko motsin ɗa ya ragu, a kawo ta asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari.

Ki rage tsayawa cikin ruwa wajen shiga da fita, saboda tsargiya ta fata take shiga jiki, tana kuma ƙara ƙarancin jini. Idan kin ga jini a fitsari ki faɗa mana, akwai maganin da ake ba masu ciki.

Rigar kariya daga nitsewa wajibi ce, ko da kin iya ninƙaya kamar kifi, a nemi wadda za ta ɗauru a kan cikin. Ba mu manta da hatsarin jirgin Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ba, cikin watan Mayu na 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa. Kada ki shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kada ki fita ke kaɗai, ko da dare, ko hadari ya haɗo.

Magidanta, idan ruwa ne tsakaninku da asibiti, da ciki ya shiga wata tara a tsallako da ita ta zauna wajen dangi a wannan ƙetaren. Idan hakan bai yiwu ba, a yi magana da mai jirgin inji tun yanzu, a karɓi lambar wayarsa, a ajiye kuɗin mai.