DARASIN LAFIYA: ƘAIƘAYIN DA BA ƘURJI, DA CIWON HANTAR DA AKE KIRA PBC



Darasinmu na yau ya fi shafar iyayenmu mata da matanmu na aure, don haka maigida ma ya tsaya ya karanta.

Akwai matar da za ka ga ta haura shekara 40, kullum cikin susa take, musamman da dare. Tafin hannu da tafin ƙafa kamar ana yi mata tafiyar kiyashi, amma ka duba fatar babu ƙurji ko ɗaya sai shaidar farce. Ga kuma gajiya, ko ta kwana tana barci ta tashi jiki a mace. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce sabulu ne bai karɓe ta ba, wani ya ce ƙyuya ce kawai. A yi ta canza man shafawa, alhali matsalar tana can cikin hanta.

*MENE NE PBC?*

Hanta tana haɗa wani ruwa mai ɗaci, wanda ake tarawa a matsarmama, shi ke taimakawa wajen narkar da maiƙo. Wannan ruwa yana bi ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi ne a cikin hantar kafin ya fita zuwa hanji.

A ciwon PBC, garkuwar jikin mutum ce take rikicewa, maimakon ta yaƙi ƙwayoyin cuta sai ta juya kan waɗannan 'yan hanyoyi tana lalata su a hankali. Ruwan ɗacin sai ya rasa mafita, ya taru yana ƙona hantar. Idan aka bar shi shekara da shekaru, hanta takan yi tabo ta ƙandare.

Da can sunan ciwon yana ɗauke da kalmar da ke nufin ƙandarewar hanta. A 2015 likitoci suka canza sunan, saboda da yawan masu ciwon ba sa kaiwa wannan mataki idan an gano shi da wuri.

*A KULA DA WANNAN*

▪️ Ba irin ciwon hantar nan na Hepatitis B ba ne da ya yi yawa a wajenmu. Babu ƙwayar cuta a ciki.
▪️ Ba a ɗaukarsa ta kwano, ko shimfiɗar aure, ko shayarwa. Kada a ware wa mai shi kofi.
▪️ Ba giya ke kawo shi ba, kada a yi wa baiwar Allah mummunan zato.
▪️ Kusan 9 cikin 10 na masu shi mata ne, galibi tsakanin shekara 40 zuwa 60.
▪️ Idan uwa ko 'yar'uwa tana da shi, haɗarin ya ɗan ƙaru ga makusantanta. Shan taba ma yana ƙara haɗarin.

*ALAMOMI*

Na farko-farko: gajiya mai tsanani, ƙaiƙayi ba ƙurji, bushewar ido da baki, duhun fata, da wani ɗan kitse rawaya da ke fitowa a fatar ido.

Na bayan ya yi nisa: shawara, wato ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, kumburin ciki da ƙafa.

Da yawa kuma ba su da alama ko ɗaya, sai an yi gwajin jini don wani dalili a gano. Ku lura, shawara a ƙarshe take zuwa. Wanda ya ce sai ido ya yi rawaya zai je asibiti, ya makara.

*YADDA AKE GANO SHI*

1. Gwajin aikin hanta. A ciki akwai wani ma'auni mai suna ALP, idan ya daɗe a sama likita zai zurfafa bincike.
2. Gwajin jini na AMA. Yana fitowa a wajen fiye da 90 cikin 100 na masu ciwon.
3. Hoton ciki, don a tabbatar ba tsakuwar matsarmama ko wani ƙari ne ya toshe hanya ba.

Ba kowane ƙaramin asibiti ke yin AMA ba. A nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, wajen likitan hanta da ciki.

*MAGANI*

Babban maganinsa shi ne UDCA, wasu sun san shi da sunan Ursofalk. Ana auna shi da nauyin jiki: miligiram 13 zuwa 15 a kan kowane kilo, kullum. Misali mai kilo 60 za ta sha tsakanin 780 zuwa 900 a rana. Likita ne zai yanke, ba mai kemis ba.

Abu uku a riƙe:

✅ Ba ya warkar da ciwon gaba ɗaya, amma yana rage masa gudu sosai. Wadda aka fara wa da wuri kuma ya karɓe ta, tana iya yin rayuwarta kamar kowa.
✅ Shan sa na har abada ne. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne.
✅ Bayan kamar wata 12 ana sake gwaji. Idan bai wadatar ba akwai na biyu da ake ƙarawa, irin su bezafibrate. A 2024 ma an amince da wasu sababbi guda biyu a Amurka.

UDCA ba ya cika kashe ƙaiƙayi, shi da maganinsa daban, wani gari mai suna cholestyramine. Amma yana riƙe sauran magunguna a hanji, don haka a ba da tazarar awa 4 tsakaninsu.

*KULAWA A GIDA*

🔹 Wanka da ruwa mai ɗan sanyi, a shafa man kaɗanya, a yanke farce, a sa tufafin auduga.
🔹 Ciwon yana raunana ƙashi kuma yana hana jiki tsotsar bitamin A, D, E da K. A tambayi likita batun bitamin D da sinadarin ƙashi, a riƙa ɗan tattaki.
🔹 A guji gyaɗa da masara masu fumfuna, gubarsu hanta take bugu.
🔹 A rage mata aikin gida. Gajiyar nan ta gaske ce.
🔹 Azumi: a je wa likita tun kafin Ramadan ya tsara shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Wadda hantarta ta riga ta ƙandare kada ta ɗauki azumi sai da shawararsa.

*BATUN JIƘO DA SASSAƘE*

Mu faɗa wa juna gaskiya. Zuma abinci ce mai albarka, amma ba ta maye gurbin UDCA. Duk jiƙon da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba, hanta ce za ta tace shi, ita kuwa ga ta a jigace. Kafin a sha komai, ko habbatus sauda ce, a nuna wa likita. Duk wanda ya ce ki ajiye maganin asibiti zai wanke miki hanta cikin sati biyu, ki riƙe kuɗinki.

🚨 A garzaya asibiti nan take idan aka ga aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, rikicewar tunani ko yawan barci, ko zazzaɓi tare da kumburin ciki.

Maigida, in akwai mai irin wannan susar a gidanka wata da watanni, kai ta a yi gwajin hanta cikin satin nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. A tura wa 'yan'uwa.