Hukuncin zakkar kuɗin da suka maƙale a hannun magini

Ƴan uwa Musulmi, da yawanmu kan ba magini kuɗin gyaran gida, ya ci kuɗin ya bar aiki rabi. Kuɗin aikin da bai yi ba bashi ne a kansa. A mazhabar Malikiyya ba mu fitar da zakkar bashi sai ya dawo hannunmu. Idan ya dawo, kuma ya kai nisabi, sai mu fitar da ɗaya cikin 40 na shekara guda, ko da ya shekara 5 a wajensa. Bai halatta mu yafe wa matalaucin magini bashin nan, mu lissafa shi cikin zakkarmu ba. Saboda haka mu rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar. Allah ne Mafi sani.