Filin Shawara: Baba Ya Dage Sai An Kai Shi Tema a Jirgin Ƙasa

Gwaggo, Mahaifinmu ya haura shekara tamanin. Da ƙuruciyarsa ya yi leburanci a tashar jiragen ruwa ta Tema, kafin ya dawo Maamobi ya kama sayar da goro. Tun bayan Babbar Sallah ba shi da zance sai a kai shi Tema, kuma a jirgin ƙasa. Yaya ya ce ƙafafun Baba ba ƙarfi, kuma me ke Tema ban da kwantena da hayaƙin manyan motoci? Ni ke jinyarsa, ni ke ganin shirun da yake yi in an hana shi. Ina tsoron saɓa wa Yaya, ina kuma tsoron Baba ya tafi da abin a ransa.

'Yarki daga Maamobi

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Baba lafiya. Ku kai shi.

Yayanki yana da gaskiya a kan ƙafafu, amma ya yi wa Tema rashin adalci, kamar yadda yawancinmu 'yan Ankara muke yi. Mun ɗauke shi wurin fito da kaya kawai. Kafin Nkrumah ya buɗe tashar a 1962, manyan jirage a nesa da gaɓar Jamestown suke tsayawa, ana jido kaya da fasinja a kwale-kwale cikin igiyar ruwa, in ba haka ba sai a nufi Takoradi da aka buɗe tun 1928. Don a gina ta aka tashi masuntan asalin garin zuwa Tema Manhean, kuma 'yan Zango da 'yan Arewa da suka zo neman aiki suna cikin waɗanda suka raya Ashaiman. Gumin su Baba ne a wurin. Mutumin da ya ba wa wuri ƙarfinsa, in ya ce zai koma ya gani, ba rigimar tsufa ba ce.

Sai dai ki shirya tun daga gida. Jirgin Ankara zuwa Tema yakan daina aiki na tsawon lokaci, saboda haka ki tura yaro tashar da ke gefen kasuwar Kantamanto ya tambayo da bakinsa, kada ki dogara da "an ce". Kuma don ma'aikata aka tsara shi: da sassafe ya kwaso su daga Tema, da yamma ya mayar da su. Ke nan naku na yamma ne, sai ku kwana wajen 'yan'uwa a Ashaiman. Ku hau daga tashar farko don Baba ya samu kujera, ta kusa da taga. Bayan Achimota da Dzorwulu da bayan filin jirgin sama, layin yakan fito bakin teku wajen Sakumono, ruwa a dama, tafki a hagu. Ko don wannan ɗan tsakanin, tafiyar ta biya kuɗinta.

In an tarar jirgin ba ya tafiya, kada ki ɓoye masa. Ki gaya masa gaskiya, ku ɗauki shatar mota ta Teshie da Nungua, ku tsaya a Sakumono inda titin mota da na jirgi suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Motar haya ta trotro kam ban yarda ba, hawa da saukarsa sun fi ƙarfin dattijo.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciyarsa. Ba a shiga cikin tashar kaya ba izini, kuma inda a da ake dako a ka da kafaɗa, yanzu injuna ke ɗaga kwantena, musamman a sabon ɓangaren da aka buɗe a 2019. Ki sanar da shi tun a gida, kada ya je ya ji kamar an share zamaninsa. Ku kai shi tashar masunta da safe, can ne zai tarar da hayaniya da ƙarnin kifin da ya sani. Ku dai guji Talata, ranar hutun masunta ce. In da sauran ƙarfi, ku biya Community 1 inda layin Greenwich ya ratsa garin, jikoki su gani. Ki bar shi ya yi ta ba da labari, ki ɗauki muryarsa a waya.

Batun Yaya kuwa, kada ki yi ja-in-ja da shi gaban Baba. Tsoro ne ke sa shi magana, ba ƙeta ba. Ki fara zuwa asibitin Maamobi, likita ya duba hawan jini da ƙafafun, sannan ki same shi shi kaɗai da abin da likita ya faɗa. Ki ce masa, "Yaya, ba zan iya riƙe Baba ni kaɗai a matakalar jirgi ba, sai da kai." In ya ƙi duk da haka, ki kai maganar ga ƙanen Baba ko limamin unguwarku. Ku tafi da magungunansa, da ruwa, da darduma, da kujera mai naɗewa.