Darasin Kimiyya: Birkin ABS da Haɗarin Mota

Ɗalibai, mu fara da taya. Muddin tana juyawa, tana riƙe da kwalta, kuma duk inda direba ya murɗa sitiyari can mota za ta nufa. Idan aka danna birki da ƙarfi har ta kulle, sai ta koma jan ƙasa. Daga nan mota ta ƙwace, sitiyari ya zama na banza.

Wannan matsalar ce birkin ABS ya zo magancewa. A jikin kowace taya akwai 'yar na'ura mai auna saurin juyawarta. Da zarar kwamfutar motar ta ga wata tayar na shirin kullewa, sai ta sassauta matsin man birki, ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa direba kan ji birkin na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ba lalacewa ya yi ba. Kada a ɗaga ƙafa. Jiragen sama ne suka fara amfani da dabarar, sannan a 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka sa irin na lantarki a mota.

To, ya rage mace-mace? A nan darasin yake. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta bi alƙaluma na shekaru, kuma rahotonta na 2009 ya nuna haɗurran da ba a rasa rai ba sun ragu, amma masu kisa kusan suna nan yadda suke. A shekarun 1990 ma an lura motoci masu ABS sun fi yawan sauka daga titi. Ana ganin wasu direbobin kan firgita da karkarwar su saki birki, wasu kuma su fizgi sitiyari, motar ta bi umarni har cikin rami. A birnin Munich, an gano direbobin tasi masu ABS sun fi ganganci, don sun dogara da shi.

Babur kuwa dabam ne, domin tayar gaba na kullewa mahayi ya sha ƙasa. Saboda haka Tarayyar Turai ta wajabta ABS ga sababbin manyan babura daga 2016.

Ku kuma lura: a kan yashi ko tsakuwa, ABS kan ƙara nisan tsayawa. Aikin gida: ku bayyana dalilin hakan.